Wasiƙa daga Birmingham: A Duba Mini Faifan Baba

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe mini da Hajiya, a ce mata maganin ƙafar yana hanya.

Ka tambaye ni abin da nake yi da ranakun hutu. To, yawon shagunan faifai nake yi, kuma wani dattijon Bature maƙwabcina ne ya jawo ni ciki. A Aston aka haife shi, unguwar da samari huɗu suka haɗu a 1968 suka kafa ƙungiyar kiɗan da daga baya ta zama Black Sabbath: Ozzy Osbourne, Tony Iommi, Geezer Butler da Bill Ward. Kiɗan nasu shi ake kira hebi metal, mai nauyi ne, jita da ganga kamar ana dukan ƙarfe a maƙera. Shi Iommi a masana'antar ƙarfe yake aiki yana ɗan shekara 17 lokacin da inji ya datse masa kan yatsu biyu. Ya yi wa yatsun hula da roba, ya sassauta tsirkiyar jitarsa don ya samu sauƙi, sautin ya ƙara kauri. Tun da na ji wannan labarin na fara sauraronsu da kunnen basira. Akwai hotunansu da ba na ratayewa a ɗakina, ka san tarbiyyarmu, amma kiɗan ya shige ni.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake cinikin tsohon kaya a nan. Babban faifansu na farko ya fito ran 13 ga Fabrairu 1970 a kamfanin Vertigo, lambarsa VO 6. Bugun farko yana da wani zane baƙi da fari a tsakiya, idan faifan yana juyawa sai ka ji kamar jiri zai ɗebe ka. Sabon bugu na waƙoƙin nan ɗin dai, fam talatin ya ishe ka. Na farkon kuwa, in yana da tsabta, sai ka ajiye ɗaruruwa. Na tsaya na ga mai shago yana duba wani da aka kawo masa: ya zaro shi daga kwali da tafin hannu, bai bari yatsa ya taɓa fuskarsa ba, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila yana neman ƙarzuwa, sannan ya ɗauko tabarau ya karanta 'yan lambobin da aka zana kusa da tsakiya. Su ne ke faɗin wane bugu ne. Bayan haka ya rubuta matsayinsa a takarda, na faifai daban, na kwali daban. A Discogs, shafin intanet da ake cinikin faifai, ma haka ake yi, kowane bugu da lambarsa da kuɗin da aka sha sayar da shi, ba mai yi maka rufa-rufa.

Sau ɗaya na ƙone. Na sayi faifai ta intanet a hannun wani ɗan kasuwa, ya iso a lanƙwashe kamar an bar shi a rana, allura tana tsalle a kai. Raina ya ɓaci sosai. Amma dokar ƙasar nan ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya ce ya fasa. Na mayar ta gidan waya, kuɗina suka dawo ba tare da rantsuwa ko kai ƙara wurin shugaban kasuwa ba.

Kada ka ce na raina gida. A nan ba a taya kaya a shago, abin da aka liƙa shi za ka biya. Kuma ranar da na'urata ta kunna faifai ta lalace, kuɗin da mai gyara ya yanka mini ya kusa sayen wata, ga jira na mako biyu. Sai na tuna mai gyaran rediyon bakin layinmu, da zai buɗe ta a gabanka ya canja bel kafin ka gama shan shayi. Na tuna masu kaset na Ƙofar Wambai da za su sa maka ka ji, ku yi ciniki, har a bar maka bashi don an san gidanku. Wannan babu shi a nan, kuma ina kewarsa.

Ajiya ce suka fi mu. Tikitin wasa, riga, takardar talla da aka ɓamɓaro daga bango, duk ana sa su a leda, ana rubuta shekara. Ran 5 ga Yuli 2025 ƙungiyar ta yi wasanta na ƙarshe a filin Villa Park, ran 22 ga watan Ozzy ya mutu. Na je gadar da aka sa wa sunansu a titin Broad, furanni sun rufe bencin da ke wurin har ba a ganinsa. Maƙwabcina ya nuna mini tikitinsa na shekarun 1970, ko kusurwa bai naɗe ba.

A daren nan na kasa barci, ina ta tunanin akwatin Baba da ke cikin sito. Faifan garmaho na Shata da na Ɗan Maraya suna ciki, waɗanda muke murza su a ƙasa muna yara, Allah Ya yafe mana. Ban san nawa suka rage ba.

Don Allah, Yaya, ka sa a fito da su wannan makon. Kada a jibge su a kwance, a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da rana da damshi. Kada a wanke da omo, ƙyalle mai laushi ya isa. Ko kwalin ya yage a bar shi, kar a yar. Ka ɗauki hoton tsakiyar kowanne yadda rubutu zai fito, ka turo mini ta WhatsApp. Ledojin ajiya da sabuwar allura zan haɗa su da maganin Hajiya.

Ƙaninka.