Gargaɗi ga 'yan Adaidaita da masu mota: hattara da mai "shigar da ƙorafi" a bakin ofis

Jama'a, abin da ya sami ƙanina makon jiya ne ya sa ni wannan rubutu.

Adaidaita Sahu yake ja a Kano, daga Bata zuwa Kabuga. Ranar Talata jami'an hanya suka tare shi, suka ce ya sauke fasinja inda aka hana tsayawa, aka rubuta masa tara, aka tafi da babur ɗin. Shi dai har yanzu rantsuwa yake bai tsaya a wurin ba. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ita ce maganata ba.

Da ya je ofishin, tun kafin ya kai ƙofa wani mutum ya taso daga benci a gindin darbejiya. Shadda ta sha guga, hula zanna, fayil a hammata, ga katin shaida rataye a wuya amma an juya fuskarsa ciki. Ya karɓi takardar, ya duba, ya girgiza kai.

"Kai, ɗan samari, wannan ai sai kotun tafi-da-gidanka. In ka faɗa hannun alƙali, tarar ta ninka, babur ya yi sati biyu a nan yana shan rana. Amma kada ka damu. Akwai ƙorafi a rubuce, ni nake shigar wa oga da su. Jibi ka zo ka ɗau abinka."

Duk wanda ya san harkar ya san inda aka taɓa yaron. Babur ba nasa ba ne, kullum dare sai ya kai wa mai shi balas, wato kuɗin yini, ya yi aiki ko bai yi ba. Ga shi bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kalmar kotu kaɗai ta isa ta kaɗa masa hanji. Mutumin ya nemi naira 3,000 ta buga wasiƙa, da 12,000 wai kuɗin buɗe fayil. Ya raka shi wajen mai POS da kansa, ya karanto lambar asusu. Sunan wata mata ya fito. Ƙanina ya ce, "Yallaɓai, ai sunan mace nake gani." Ya ce, "Akantar ofis ce, tura kawai."

Bayan minti ashirin ya dawo da rasit, har da hatimi da tambarin dawakai biyu, da kwafin wasiƙar cikin Turanci. Da dare yaron ya kawo mini yana murna, "Yaya, an gama." Ina dubawa gabana ya faɗi. Babu lambar takardar tara a ciki, babu lambar babur, babu kwanan wata. Sunansa ma da biro aka cusa a wani gurbi da aka bari. Wasiƙa ɗaya ce aka yi wa hoto da yawa, duk wanda ya zo a cike masa.

Ranar Alhamis benci wayam, waya a kashe. Ma'aikacin da ke ciki ya juya rasit ɗin gaba da baya ya ce, "Malam, wannan ba namu ba ne, kuma ba kai ne farau ba." Tara tana nan yadda take.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ƙaryar tasa a jikin gaskiya ya jingina ta. Rubuta ƙorafi halas ne, kowa yana da wannan dama, kuma ba a saye ta. Takarda ce za ka rubuta wa shugaban ofishin da ya ci ka tara: sunanka, lambar abin hawa, lambar takardar, rana da wuri, da abin da ya faru ba ƙari. In kana da hoto ko shaida ka haɗa. Ka yi kwafi biyu, ka shiga ciki da ƙafarka, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. In ba ka iya rubutu ba, ɗan makarantar unguwarku zai yi maka. Sai dai ka sani wasiƙa ba ta soke tara da kanta. Za a iya dubawa a yafe, za a iya cewa ka biya ko ka je kotu. Duk wanda ya ce maka tabbas za a soke, da ranar sokewar, aljihunka yake kallo.

Sannan ku riƙa karanta saman takardar, ku san wa ya rubuta. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ta jihar Kano ce, an kafa ta a 2012. Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, ta tarayya ce tun 1988, kuma tararta ta Remita ake biya, wato kafar biyan kuɗi ta intanet, da lambar biya mai alƙaluma 12 da ake kira RRR, kuɗin ya shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati da aka tilasta a 2015. Ko ta jiha ko ta tarayya, babu tarar da ake turawa asusun wani mutum, ko da an ce akanta ne, ko direban oga. In kuma kana ganin zaluntarka aka yi kuma ofis bai saurare ka ba, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe ta tarayya da ke aiki tun 1975.

Mun kai rahoto wajen 'yan sanda, mun kuma je banki da shaidar turawar. Ban sa rai da dawowar kuɗin ba, ai kafin mu farga an kwashe. Ƙanina ya biya tarar ta hanyarta, ya fito da babur ranar Juma'a bayan masallaci, da bashin balas na kwana uku a wuyansa.

Mutumin zai kai shekara hamsin, yana da haƙorin Makka, baki kuma kamar zuma. Na tabbata ya koma wani bencin. Ku tura wannan zaurukan WhatsApp na direbobi, musamman yara sababbin shiga. Rasit ɗin bogin yana shagona a Kwari, duk shugaban tashar da ke son nuna wa yaransa irinsa zan ba shi kwafi.