Na'urar auna zaƙin inabi: tana da amfani, amma ba ita za ta gaya maka ganye nawa za ka cire ba

Manoman inabi na Kudan da Hunkuyi da kewayen Zariya sun fara sabawa da wata 'yar na'ura mai kama da guntun bututu, wadda ake kira rifiraktomita. Ana samun ta a shagunan kayan noma da na kayan gwaje-gwaje. Wadda ta dace da inabi ita ce mai ma'auni daga 0 zuwa 32 na Brix, wato ma'aunin sukari. Akwai ta zuma, wadda lambobinta ke farawa daga sama da 50, kuma a ido kamarsu ɗaya, don haka a leƙa ciki kafin a biya kuɗi.

A cikin akwatin akwai na'urar, da robar ɗiga ruwa, da ƙaramin sukundireba, da ƙyallen gogewa. Ba ta cin batir. Brix ɗaya na nufin kusan giram ɗaya na sukari a cikin giram 100 na ruwan 'ya'yan itace. Inabin ci yakan yi daɗi daga wajen 16 zuwa 18, su kuwa masu matsa shi su yi giya a Faransa da Italiya sukan jira ya haura 20.

Kafin fara aiki sai an saita ta. A ɗiga tataccen ruwa, irin ruwan allura na kemis, ɗigo biyu ko uku a kan gilashin, a rufe murfin ba tare da kumfa ta maƙale ba, a leƙa cikin na'urar, a juya kusar saiti da sukundireban har iyakar shuɗi da fari da ake gani a ciki ta zauna kan sifili. A nan aibinta na farko yake. An rubuta ATC a jikinta, wato tana gyara lissafi da kanta idan zafi ya canza, amma gyaran yana aiki ne tsakanin digiri 10 da 30 kawai. Ranar Kaduna a Maris da Afrilu ta wuce nan nesa. Wanda ya bar ta a kan babur ta sha rana, lambar ƙarya zai karanta. A yi awo da sassafe, a inuwa. Ƙurar hunturu ma tana karce gilashin idan aka goge shi a bushe, sai an fara wanke shi.

Ƙwaya ɗaya ba ta isa shaida. A tsinko 50 zuwa 100 daga itatuwa daban-daban, daga saman nonon inabi da tsakiyarsa da ƙasansa, na rana da na inuwa, a murƙushe su a leda, sannan a ɗiga ruwan.

Inda ta fi amfani shi ne wajen rage ganye. Ana cire ganyen da ya lulluɓe nonon inabi don iska da haske su shiga, fumfuna da ruɓa su ragu, feshi kuma ya kai ga 'ya'yan. Lokacinsa bayan fure ya zube 'ya'ya sun ƙulla, kafin su fara canza launi. Amma ganye ne ke haɗa sukarin, kuma kowane kilo na inabi yana buƙatar kusan murabba'in mita ɗaya na ganye kafin ya nuna yadda ya kamata. Idan leburori suka yi wa itace aski, lambar za ta tsaya cik mako bayan mako. A bar layi ɗaya ba a taɓa ba, a riƙa auna shi tare da wanda aka rage wa ganye duk mako, bambancin zai fito fili. Wannan kaɗai ya biya kuɗinta.

Sai dai zaƙi kawai take gani, kuma yawancin abin da cire ganye ke canzawa ba zaƙi ba ne. Haske yana rage sinadarin da ke sa wasu irin inabi, kamar Cabernet Sauvignon da Sauvignon Blanc, warin ɗanyen tattasai, musamman idan an cire ganyen da wuri. Yana ƙara sinadaran ƙanshin fure a irin Muscat. Zafi kuma yana ƙone wani kaso na tsamin ƙwayar. Duk wannan ba ya bayyana a gilashin. Launi ma haka: haske yana taimaka wa baƙin inabi ya yi duhu, amma idan zafin ƙwayar ya kai wajen digiri 35 launin yakan kasa kamawa, ga shi ƙwayar da rana ke duka kai tsaye tana iya fin iskar wurin zafi da digiri 10. Shawarar da aka tsara don ƙasashen sanyi, inda ake neman rana ruwa a jallo, ba a kwaso ta gaba ɗaya a kawo nan. Ganye biyu ko uku na gindin reshe sun isa, ta ɓangaren gabas, a bar na yamma ya tare ranar la'asar. Inda aka ɗora inabi a kan rumfa, a rage ta yadda hasken zai riƙa sauka ƙasa tsilli-tsilli.

Babban tarkon shi ne ƙwayar da rana ta ƙona. Ruwanta ya tsotse, ta yamutse, sai na'urar ta nuna 22, manomi ya yi murna, alhali fatar ta yi ruwan ƙasa, ƙanshin ya tafi, dillali kuma ba zai ɗauka ba. Don haka duk awo a haɗa shi da ɗanɗano, a kuma fasa ƙwayar a duba: irin da ke ciki idan har yanzu kore ne, da saura, ko me lambar ta ce.

Mai gonar da yake sayarwa da yawa ya saya. Mai itace biyu a tsakar gida, harshensa ya ishe shi. Na'ura mai nuna lambobi a allo ta fi sauƙin karantawa ga wanda idonsa ya yi rauni, amma ta fi tsada kuma tana son batir.