Makro ɗin Outlook a Kwamfuta Ɗaya Mai Ma'aikata Da Yawa: Wace Hanya Ta Fi?

A ofisoshin 'yan kasuwarmu na Agege, Apapa da Mile 12 a Legas, kwamfuta ɗaya ce galibi ke ɗaukar mutum uku ko huɗu, kowa da asusunsa na Windows. Wani ya rubuta makro, wato ɗan jerin umarni da ke sa manhajar imel ta Outlook yin aiki da kanta, wanda ke ajiye rasit ɗin da ya zo ta imel cikin folda, sai abokin aikinsa ya shiga nasa asusun ya nema ya rasa. Dalili shi ne Outlook na tara makro duka a fayil guda, VbaProject.OTM, cikin %appdata%\Microsoft\Outlook, kuma kowane asusu da nasa.

Kafin komai, duba wane Outlook ke kan injin. Sabon Outlook na Windows ba ya karɓar VBA, harshen da ake rubuta makro da shi, sam, sai na asali, wanda ake buɗe ɗakin makro ɗinsa da Alt da F11.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a fitar da makro a matsayin fayil ɗin rubutu, kowa ya shigo da shi nasa asusun. Mai makro ya danna Alt da F11, ya zaɓi modul, wato shafin da rubutun makro yake ciki, ya shiga File, sai Export File. Zai sami fayil mai ƙarewa da .bas. Idan akwai fom, wato tagar da makro ke buɗewa don a cike bayani, fayil biyu ne ke fita, .frm da .frx, kuma dole su zauna tare, in an raba su fom ɗin ba ya shiga. A zuba su a folda ƙarƙashin C:\Users\Public, a ba mutum ɗaya ikon gyara, sauran karantawa kawai. Kowa sai ya yi Import File daga can. Abin da ke cikin ThisOutlookSession, shafin da ake rubuta makro mai tashi da kansa, shi ne ke yawan kawo cikas: in aka shigo da shi haka, yana zama wani modul daban, umarnin da ke jiran isowar saƙo ba zai taɓa motsi ba. Shi ana kwafe rubutun ne a manna da hannu, sannan a rufe Outlook a sake buɗewa. Maɓallin da aka ɗora a saman allo ma ba ya biyo makro, kowa zai ɗora nasa.

Abin da ya sa na fifita ta: fayil ɗin .bas rubutu ne da Notepad ke buɗewa, kana ganin abin da za ka saka layi bayan layi. In wuta ta ɗauke ana cikin ajiyewa har OTM ya lalace, a sake shigo da shi cikin ɗan lokaci. Wahalarta ɗaya, duk gyaran da aka yi sai kowa ya cire tsohon ya shigo da sabo. Ga ofis mai mutum huɗu wannan ba nauyi ba ne.

Kwafe VbaProject.OTM kai tsaye zuwa asusun wani yana da sauri, amma yana shafe makro ɗin da mutumin yake da shi, kuma Microsoft ba ta amince da shi a matsayin hanyar rarrabawa ba. Akwai kuma buɗe Outlook da umarnin /altvba don kowa ya yi amfani da fayil guda: sai an taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, kuma mutum biyu da suka bar asusunsu a buɗe za su yi ta karo a kan fayil ɗin. Wata hanyar, ƙarin manhajar Outlook (add-in) da ake girkawa ga duk injin, ta dace da kamfani mai ɗan fasaha na dindindin. Idan kuwa jera saƙonni cikin folda ne kawai buƙatar, Rules, wato ƙa'idojin jera saƙo na Outlook, sun isa, ana fitar da su a fayil ɗin .rwz.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen tsaro. Mai gyara zai ce a shiga Trust Center, sashen saitunan tsaro na Outlook, a zaɓi Enable all macros don komai ya tafi daidai. Kada ka yarda. Zaɓi wanda ke neman izini kafin makro ya yi aiki, ko ka sa wa makro hannu da SelfCert, manhajar Office mai ƙirƙirar takardar shaida, tare da sanin cewa takardar shaidar da yake ƙirƙira tana zama a asusun wanda ya yi ta. Makro na iya karanta duk saƙonka ya kuma aika da sunanka. Layi kaɗan sun isa su riƙa tura kowane rasit zuwa wani adireshi a ɓoye, daga nan ɗan damfara ya aiko wa abokin cinikinka lambar asusun banki da ba taka ba. Don haka kada ka karɓi OTM daga hannun kowa, ko wanda aka kulle da kalmar sirri wai don kare fasaha. Ka ce a ba ka .bas, ka nemi kalmomin Forward, Send, Shell da CreateObject, da duk adireshin imel da ba ka sani ba, ka sa a yi maka bayanin kowanne.

Haka batun Office ɗin kansa. A kasuwannin Computer Village ko Alaba akwai masu sayar da na gaskiya, akwai masu ɗora wanda aka fasa tare da manhajar kunnawa da ba ka san me ta ƙunsa ba, kuma irin wannan ba a tabbatar da yana samun gyaran tsaro. Office 2016 da 2019 ma Microsoft ta daina tallafa musu tun 14 ga Oktoba 2025. Ka nemi lasisin da aka ɗaure da asusun Microsoft na ofishinku, ka shiga File, sai Office Account, ka ga sunan kayan da matsayin kunnawarsa da idonka kafin ka biya.