Ra'ayina kan bim ɗin niyutiron (kwararar niyutiron da ake harba wa samfur don a auna shi) na cibiyar ILL da ke Grenoble

Idan kana karatun fiziks ko kemistiri kuma tambayarka ita ce yadda maganadisu ya jeru a cikin samfurinka, ko ina haidirojin ko litiyam suka ɓuya a cikin kiristal, to cibiyar ILL ta Grenoble a Faransa ta cancanci wahalar da za ka sha kafin ka shiga. Taurari huɗu cikin biyar na ba ta. Amma fa idan eksire na lab ɗinku zai iya amsa tambayar, kar ka ɓata lokacinka, kwamitin da ke duba takardun neman lokacin awo abin da yake fara tambaya ke nan, me ya sa sai da niyutiron.

Cikakken sunan shi ne Institut Laue-Langevin, Faransa da Jamus suka kafa ta a 1967, Birtaniya ta shigo a 1973. Riyakta ce, wato tukunyar nukiliya, mai megawat 58 wadda ba ta ba kowa wutar lantarki, aikinta kawai ta samar da niyutiron ta turo su ta bututu zuwa na'urori wajen 40. Don ka gane girman abin, riyaktar da ke CERT, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello Zariya, wajen kilowat 30 ce, wato ta Grenoble ta ninka ta kusan sau 2,000, shi ya sa ta Zariya ta fi dacewa da gano sinadaran da ke cikin ƙasa ko abinci, ba wannan irin aikin ba.

Abin da ya sa mutane ke tururuwa shi ne niyutiron ba shi da caji, saboda haka yana ratsa abu ya shige har ciki, ba ruwansa da ilektiron ɗin da ke kewaye, da ƙwayar tsakiyar atam yake karo. Eksire kuwa ilektiron yake gani, atam mai nauyi ya fito ɓaro-ɓaro, haidirojin mai ilektiron ɗaya tak ya kusa ɓacewa. Sannan babban abin, niyutiron shi kansa ɗan ƙaramin maganadisu ne. A cikin ƙarfe ko manganis kowane atam kamar 'yar allurar kamfas yake, to idan niyutiron ya wuce yana jin inda kowace allura ta fuskanta, kai kuma sai ka karanta hakan daga kusurwar da suka warwatsu. Louis Néel, wanda a nan Grenoble ya yi yawancin aikinsa kuma yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa cibiyar, shi ya ce akwai abubuwan da allurorinsu ke jeruwa ɗaya sama ɗaya ƙasa har su soke juna, ka kai musu maganadisu ba za su manne ba alhali ciki a tsare suke tsaf. Da niyutiron aka tabbatar, a 1949 Clifford Shull da Samuel Smart suka sanyaya oksayid ɗin manganis (MnO) a Oak Ridge ta Amurka suka ga sababbin layuka sun ɓullo a zanen warwatsuwar niyutiron ƙasa da wajen kelbin 120 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi). Néel ya karɓi Nobel a 1970, Shull sai 1994 tare da Bertram Brockhouse. Har yau abin da muke zuwa yi ke nan, a sanyaya, a jira sabon layi.

Yanzu hidimar kanta. Na farko dai kyauta ce, in dai za ka wallafa sakamakon ba ka biyan ko sisi na lokacin bim, kamfanin da ke son ɓoye nasa sakamakon shi ke biya. Ana karɓar takardun neman lokaci sau biyu a shekara, ka rubuta gajeren bayani na abin da za ka auna, wace na'ura, kwana nawa, kuma ka nuna ka riga ka yi aikin gida, wato hoton eksire da awon maganadisu na samfurin. In an amince sai a haɗa ka da masanin da ke kula da na'urar, kuma wallahi a ganina wannan mutumin shi ne rabin hidimar. Shi zai ce maka garin samfurin da ka kawo ya yi kaɗan, shi zai zaɓa maka tsawon zangon igiyar niyutiron da ya dace, shi zai nuna maka yadda ake rubuta jerin umarnin da na'ura za ta bi da daddare kana barci, in ta tsaya kuma shi ake kira. Ka rubuta masa tun kafin ka tura takardar, suna amsawa, kuma shawararsu na gyara takarda sosai.

Ni garin oksayid na kai, a D20 na yi aiki. Wannan na'urar gudu gare ta, cikin 'yan mintuna ka samu zane mai kyau, saboda haka kana iya sauke zafi a hankali kana kallon layin maganadisu yana tasowa a allon kwamfuta kai tsaye, a tsawon zango na angistirom 2.41 (ma'aunin tsawo ne mai girman atam) layukan ƙananan kusurwa sun rabu da juna sarai. In kuma tsarin kiristal kake so daki-daki to D2B ta fi ta, sai dai ta fi cin lokaci. Masu aikin roba da furotin su D11 da D22 suke nufa, masu son motsin atam su IN5, ban taɓa su ba don haka na bar wa masu su.

Abin da ya fi burge ni ba riyaktar ba ce ma, kayan sanyaya samfur ne. Akwai tukunyar sanyi da suke kira mai ruwan lemo saboda fentinta, a nan aka ƙirƙiro ta kuma yanzu cibiyoyi da yawa a duniya ita suke amfani da ita, tana sauka har kelbin 1.5 ba gardama. Akwai tanderu, akwai manyan maganadisu, akwai na matsi, amma duk sai ka rubuta a takardarka tun farko, ba a ranar za ka ce af ina son ƙarin sanyi ba. Ana zuba garin a gwangwanin banadiyam saboda shi kusan ba ya ba da layin kansa.

To ina tauraro na biyar ya tafi? Jira. Riyaktar ba kullum take aiki ba, zagaye-zagaye take yi na wajen kwana 50 sannan a kashe a canja mai a yi gyara, don haka daga tura takarda zuwa ranar awo watanni ne, ɗalibin da tallafinsa ya kusa ƙarewa ya yi lissafi da kyau. Cunkoson ma ya ƙaru tunda a 2019 aka rufe riyaktar Orphée ta kusa da Faris da BER II ta Balin, masu neman lokaci suka ƙaru a sauran wuraren. Sai kuma maganar da ta fi shafar mu: ƙasashen da ke biyan kuɗin cibiyar su ke da fifiko, mutanensu ake mayar wa kuɗin mota da masauki, kuma ana so yawancin tawagar su fito daga cikinsu. Wanda yake Kano ko Yamai ba zai tura shi kaɗai ya sa rai ba, sai ya nemi abokin aiki a Faransa ko Jamus ko Ingila. Ni ta jami'ar da nake karatu a Turai na shiga. Ba laifinsu ba ne, mai biyan kuɗi shi ke gaba, amma gara ka sani tun wuri. A nahiyarmu SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu mai megawat 20 tana da na'urorin irin wannan awon, ga ƙaramin aiki a fara tambayarsu.

Wasu abubuwa kuma halin niyutiron ne kawai. Bim ɗin ba shi da ƙarfin na eksire, samfur da yawa ake so, giram-giram ba ɗan tsinke ba. In akwai haidirojin da yawa a ciki zai cika maka zanen da hayaniya, sai an musanya shi da diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, shi kuma akwai tsada. Gadoliniyam da kadmiyam da boron suna shanye niyutiron. Sannan wasu samfura irin masu kobalt suna ɗaukar tururin nukiliya bayan awo, jami'an kariya za su riƙe su har su huce, saboda haka kar ka kai guda ɗayan da kake da shi duk duniya in kana bukatarsa mako mai zuwa.

Wurin harabar nukiliya ce, fasfo ɗinka ake turawa makonni kafin zuwa, ka yi horon kariya, a rataya maka ma'aunin tururi a ƙirji. Masauki yana cikin harabar, tafiyar ƙafa ce zuwa ɗakin awo, wanda da ƙarfe ukun dare za ka gode wa Allah a kai. Cibiyar ESRF mai eksire tana maƙwabtaka, kantin cin abinci ɗaya. Taram layin B na kai ka cikin gari, naman halal ba wuya saboda Larabawan Magrib na da yawa a Grenoble, duwatsu kuma ta ko'ina, da sanyi ka taho da rigar kirki.

Bayanan da ka auna naka ne kai da tawagarka na shekara 3, daga nan a buɗe wa kowa. Kuma ka koyi FullProf kafin ka zo, manhajar da ake fassara layukan maganadisu da ita, Juan Rodríguez-Carvajal da ya rubuta ta ya yi aiki a cibiyar, kyauta ake sauke ta. In awonka ɗan gajere ne na gari a zafin ɗaki, tambayi mai kula da na'urar ko za ka iya aiko da samfurin ta gidan waya su auna maka, akwai tsarin hakan, ka huta da neman biza.