Pyreverse ya zana mini kakannin ajin, amma bai nuna wanda ake fara tambaya ba

Wata uku ke nan ina aiki da Pyreverse, tun da aka miƙa mini wata manhajar Django (tsarin gina shafukan intanet da yaren Python) da wani ya rubuta ya bar aikin. Ba sai an sauke shi daban ba, duk wanda ya girka Pylint, manhajar duba kurakuran kod ɗin Python, yana da shi ko bai sani ba, kuma kyauta ne. Yana karanta kod ɗin Python ya zana akwatuna da kibau: akwati aji ne (class, wato ƙunshin kod da wani ajin zai iya gadar ayyukansa), kibiya kuma tana tashi daga ɗa zuwa ga wanda ya gada.

Wani aji mai suna GyaraRahoto ne ya kai ni gare shi. Layi shida ne kacal, ya gaji UpdateView, ajin Django na gyara bayanai, da wani ƙaramin aji, MaiIzini, wanda aikinsa ya tare duk wanda ba shi da hurumin taɓa rahoto. Sai ga shi kowa na shiga yana gyara abin da ya ga dama. Na yi kwana biyu ina tsalle daga fayil zuwa fayil, in na kai ga kaka na huɗu sai in manta na farko.

Da na kira Pyreverse da -c da cikakken sunan ajin, sai dangin gaba ɗaya suka bayyana a shafi guda. A nan na fara ganin cewa UpdateView kaɗai kakanni tara gare shi kafin a kai ga object, tushen duk azuzuwan Python. Na ga FormMixin da SingleObjectMixin duka suna komawa ga ContextMixin, wato kaka ɗaya ta hanyoyi biyu. Na sha karanta wannan a rubuce, amma sai da na gan shi a zane ya zauna mini. Don wannan kaɗai na yaba masa ƙwarai.

Shawarata ga mai farawa: ka haɗa da -k, wanda ke barin sunayen azuzuwa kawai. In ba haka ba kowane akwati zai cika da jerin ayyukansa har kibau su ɓace. Kada kuma ka sake shi a kan manhajar duka a karon farko, zanen zai fito kamar saƙar gizo-gizo. Idan hoton png kake so, sai ka girka manhajar zane ta Graphviz tukuna. Pyreverse yana iya fitar da zanen a tsarin PlantUML ko Mermaid, kuma ni Mermaid na fi so, don rubutu ne da zan ajiye kusa da kod ɗin.

To amma zanen bai warware mini matsalata ba. Kibau biyu sun tashi daga GyaraRahoto, ɗaya zuwa UpdateView, ɗaya zuwa MaiIzini, kuma a ido daidai suke. A wurin Python ba daidai suke ba. Tun fitowar Python 2.3 a 2003 yake jera kakanni a layi ɗaya da tsarin C3, kuma wanda aka rubuta a hagu cikin jerin iyayen aji shi ake fara tambaya. Sai da na buga GyaraRahoto.__mro__, wanda ke nuna wannan jerin, na ga MaiIzini can ƙarshen layi, bayan View, ɗaya daga kakannin UpdateView. Shi kuwa dispatch na View, aikin da ke karɓar kowace buƙata, ba ya miƙa kira ga na bayansa, don haka mai gadin bai taɓa jin an ƙwanƙwasa ba. Na mayar da shi hagu, ƙofar ta rufu. Da Pyreverse yana sa lamba a kan kowane akwati bisa wannan jerin, da ba abin da zan nema a wani wuri.

Wani abin lura shi ne karanta kod ɗin yake yi, ba ya gudanar da shi. Hakan ya kwantar mini da hankali a kan manhajar da ban gama sani ba, sai dai ajin da ake ƙirƙira lokacin da manhaja ke gudana yana iya kuɓuce masa.

Yanzu duk ajin da ya fi iyaye biyu, nakan fitar da zanensa, in rubuta lambobin jerin da hannuna a gefen akwatunan, sannan in fara gyara.