Shagon buga fosta a Fagge: aiki mai kyau, layi na masu kuɗi

Shekara shida ke nan ina kai aiki wani shagon buga takardu da ke Fagge, tun daga katin ɗaurin auren ƙanwata har rasit ɗin shagona na kayan masarufi. Ba su taɓa ɓata mini suna ko lamba ba, har lanƙwasar ɗ da ƙ suna sawa, abin da masu buga kati da yawa a Kano ba su damu da shi ba. Shi ya sa da Yayana, malamin firamare mai ritaya, ya fito takarar majalisar jiha a 2023, ban nemi shawarar kowa ba na nufi wurinsu.

A ƙaramar jam'iyya ya fito, domin a lokacin fom ɗin APC na wannan kujera naira miliyan 2 ne, kuma fom shi ne mafi arha a tafiyar. Ba a ma zo maganar deliget ba.

Fosta 2,000 muka nema da riguna 50. A farkon Fabrairu na ba da rabin kuɗin kafin alƙalami, ta tiransifa, don lokacin canjin kuɗi ne, sababbin 200 da 500 da 1,000 sai dai ka ji labarinsu. Aka ce in dawo bayan kwana huɗu.

Da na koma sai na tarar fuskar mutum ɗaya ta cika shagon, wani mai neman majalisar wakilai. Fosta ɗauri-ɗauri har sun kusa taɓa rufi, ga huluna, ga kalanda, har da ledojin da za a zuba taliya da sabulu a raba wa mata. Namu aikin ko na'ura bai hau ba. Mai shagon ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka yi haƙuri don Allah. Honarabul ya biya duka a hannu, sababbi fil, ya haɗa mana da dizal ɗin janareto. In kai ne ya za ka yi?" Ban ba shi amsa ba, hankalina ya tsaya a kan kalmar sababbi. A makon ne na wuni a layin ATM na dawo gida hannu rabbana.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce mai neman majalisar wakilai kada ya kashe sama da miliyan 70, na majalisar jiha miliyan 30. Da na karanta wa Yaya sai ya yi dariya ya ce shi dai ba zai taɓa karya wannan dokar ba ko ya so. Ni kuwa ban ga wanda ya zo ƙirga ɗaurin fostocin Honarabul ba.

Sau biyar ina zuwa. Sai da aka gama zaɓen 25 ga Fabrairu, manya suka kwashe kayansu, sannan aka tuna da mu. Ɗage zaɓen jihohi da INEC ta yi daga 11 zuwa 18 ga Maris shi ya ba mu 'yan kwanakin liƙawa. Gaskiya fostar ta fito, launi tangaram, Yaya ya yi kyau fiye da yadda yake a zahiri. Rigunan ne sharara, wanki biyu hoton ya fara ɓarewa. Muka liƙa da daddare ni da ɗalibansa na da, gari na wayewa yaran da ake biya sun rufe rabinsu da na wani. Ƙuri'un da ya samu ba su kai yawan fostocin ba.

Har yanzu can nake kai rasit, kwana biyu su gama. Amma in aikin takara ne kuma ba ka da ubangida, kai shi tun wata uku kafin zaɓe, ka sa a rubuta ranar karɓa a jikin rasit. Ragowar fostocinmu matar Yaya ta shimfiɗa su a cikin kabad ɗin kwanukanta, takardar mai kauri ce, ba ta jan ruwa.