Shekara guda da 'yar kwamfutar Raspberry Pi a gidanmu na Mabera

Jama'a assalamu alaikum. Abokai da dama sun dame ni da tambaya kan 'yar na'urar nan da munka mayar rumbun bidiyo da sauti na gidanmu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da idona, tunda yanzu ta shekara cur tana aiki, ta ga bazara ta ga damina ta ga hunturu, kuma duk na'urar da ta sha zafin Afrilu na Sakkwato ba ta mutu ba ai ta isa a yi maganarta.

Abin da ya kai ni ga wanga aiki ba son kayan zamani ba ne. Memorin wayar Inna ne ya mutu dare ɗaya, kuma cikinsa akwai muryar marigayi mahaifinmu, wani karatu da addu'a da anka ɗauka ranar walimar saukar ƙanena, Inna kan saurare shi kusan kullum bayan isha'i. Kwana uku tana jugum ba ta ce ma kowa komai ba. Allah ya taimake mu munka samu kwafi a tsohuwar wayar ƙanwata, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba, don na duba na ga haka duk kayanmu suke, bidiyon biki a wayar wance, tafsirin azumi a filashin wane, hotunan suna a wata kwamfuta da ko tashi ba ta yi, kowa na tura ma kowa ta Xender, abu guda a waya biyar, kowa na kukan memori ya cika.

Wadda na saya ita ce Raspberry Pi 4, mai RAM gig 4. Ga wanda bai taɓa gani ba, allo ne guda ɗan ƙarami kamar katin ATM, amma cikakkiyar kwamfuta ce, wata gidauniya ce a Kambirij ta Ingila ta fara fito da ita a 2012 don koya ma yara ilimin kwamfuta, wannan ta huɗun kuma ta fito a 2019. Tana da ramin USB huɗu, biyu masu launin shuɗi su ne masu sauri, da ramin kebul na intanet, ana ba ta wuta ta USB-C kamar waya. Ba ta zuwa da komai fa, ba gida ba caja ba memori, duk kai za ka nema, don haka in kana lissafin kuɗɗi ka haɗa da su tun farko kar ka ga farashin allon kawai ka ce ta yi arha. Akwai Pi 5 da ta fito a 2023, ta fi ta ƙarfi amma ta fi cin wuta ta fi tsada, ni ban ga buƙatarta ba ga aikin da nake so.

Manhajar da na ɗora kanta Jellyfin ce, ita ke jera bidiyo da sauti ta miƙa su ga wayoyi da talabijin na gida. Kyauta ce, ba rajista ba biyan wata, masu sa kai ne sunka ɓalle da ita daga wata manhaja irinta mai suna Emby a ƙarshen 2018. Na duba Plex ma, wata manhaja mai irin wannan aikin, tana da kyau, sai dai ita shiga cikinta na bi ta intanet ne, ni kuma abin da nake so shi ne ko ba data ko kwabo a gidan nan komai ya yi aiki. Kuma hakan yake, wannan shi ne abin da ya fi burge ni, Pi na haɗe da rauta da kebul, wayoyi da talabijin na haɗe da waifai na rautar, bidiyon na yawo ne cikin gida kawai ba ya fita waje, ko sim ɗin rautar ba shi da data kallo ba ya tsayawa. Ka buɗe burauza ka sa adireshin Pi, wato lambar da rauta ta ba ta, ka ƙara 8096 a ƙarshe, ko ka sauke manhajar Jellyfin a waya, shi ke nan. Kowa na buɗe masa nasa suna, yara ba sa ganin komai sai foldar karatu da katun ɗin da ni da uwarsu munka tace, kuma tana riƙe inda ka tsaya, in Inna ta tsaya a minti 40 na tafsiri gobe daga nan za ta ɗora ko da wata waya ta ɗauka.

Girkawa bai ba ni wahala sosai ba, manhajar Raspberry Pi Imager na sa na zuba ma katin memori Raspberry Pi OS Lite, wato babbar manhajar da ke tafiyar da Pi, amma gaskiya sai kana iya haƙuri da baƙin allo mai rubutu zalla. Kuskure ɗaya na yi, na zuba bidiyoyin biki a sashen finafinai, sai ta shiga intanet tana neman sunansu ta manna ma bikin ƙanwata hoton wani fim na Turawa. Akwai sashe na musamman na bidiyo da hotunan gida, can za ka sa su.

To yanzu ga inda na sha wuya, kuma nan nake so mutanen garin ga su buɗe kunne.

Wuta ce ta fara kayar da ni. Da farko cajar waya na sa mata, wadda na saya a kasuwa an rubuta 3A a jikinta, ashe rubutu ne kawai. Pi 4 na son bolt 5 da amfiya 3 na gaskiya, in wutar ta yi ƙasa da bolt 4.63 ɗan jan fitilar da ke jikinta sai ya mutu, ni kuma ban san ma'anar hakan ba, sai dai in ga faifan ajiyar da na haɗa mata, inda bidiyoyin suke, ya ɓace ya dawo, bidiyo ya tsaya cak. Sai da na buga umarnin vcgencmd get_throttled, mai nuna ko Pi ta samu matsalar wuta ko zafi, na ga ba sifili ta ba ni ba, sannan na gane ƙarancin wuta ne. Ga kuma ɗauke wuta, wanda ba sai na gaya ma kowa yadda muke da shi ba. Katin memori ba ya son a yanke masa wuta yana cikin rubutu, wata biyu kacal katina na farko ya yi ya lalace, Pi ta ƙi tashi, na sake komai daga farko, Allah ya sa bidiyoyin suna faifai daban. Abu biyu na yi munka huta. Na daina tayar da ita daga katin memori na koma SSD, wani faifan ajiya da ake haɗawa ta USB, Pi 4 na iya hakan. Sannan na haɗa ta kai tsaye da batirin sola, wani mai gyaran sola ya sa min 'yar na'urar da ke sauke bolt 12 zuwa 5, rautar ma daga batirin take sha, don haka ko inbata a kashe take da dare su biyun suna nan a kunne. Pawa bank na gwada kafin nan, wasu suna ƙyaftawa na daƙiƙa guda lokacin da wuta ta tafi, wannan ƙyaftawar kuwa ta isa ta kashe Pi.

Amma cin wutarta, kai, nan ne ta biya ni. Tana zaune ba aiki wajen wat 3 take ci, in ta ɗau kaya ta kai 6 ko 7. Ka ɗauka wat 5 ne tsaka-tsaki, awa 24 ya zama wat-awa 120, a wata guda yunit uku da rabi da ɗan ɗori ke nan, kamar cin ƙwan fitila guda ke nan. Tsohuwar kwamfutar tebur da na so in yi aikin da ita dauri, da kafin asuba ta shanye batirin.

Sai zafi. Lokacin hunturu lafiya lau, amma da Maris ya shigo rana ta fara haura digiri 40 a waje, ɗakin da na ajiye ta kuma kwano ne ba silin, sai na ga abu ya fara nauyi da azahar. Ita Pi in ta kai digiri 80 rage gudu take da kanta don kar ta ƙone, ranar da na auna zafinta da umarnin vcgencmd measure_temp ta riga ta haura. Gidan roba da na sa ta ciki shi ya ƙara dafa ta. Na canza zuwa gidan alminiyam mai 'yar fanka, na sauko da ita daga saman kabad zuwa ƙasa kusa da bangon da rana ba ta bugu, tun sannan ba ta sake kai wa can ba. Sai dai fanka na jan ƙura, da hazo ya sauko na buɗe na iske ta yi jajir kamar an barbaɗa mata jan ƙasa, yanzu duk sati biyu nake kashe ta in goge da tsohon buroshin haƙori.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ya gyaruwa da sayen kaya, dole ka san iyakarta. Pi gwana ce wajen miƙa fayil yadda yake, mutum uku huɗu na kallo lokaci guda ko gezau. Amma in wayar mai kallo ba ta gane tsarin bidiyon ba, Jellyfin sai ta ce bari ta juya shi nan take, to nan Pi ke durƙushewa, bidiyo ya yi ta tsinkewa fanka na kuka. Sabbin wayoyi da yawa suna ɗaukar bidiyo da tsarin H.265, tsofaffin wayoyi da wasu burauza kuma ba su iya buɗe shi. Maganin da na samu, duk bidiyon da zai shiga sai na bi da shi ta manhajar juya bidiyo mai suna HandBrake a laftof na mayar da shi MP4 mai H.264, wanda kusan kowace waya ke ci. Aiki ne mai cin lokaci, na yi makonni ina yi kaɗan-kaɗan bayan sallar asuba, amma sau ɗaya ne. Wanda ke mafarkin bidiyo mai tsananin haske na 4K a talabijin uku lokaci guda ya nemi ƙaramar kwamfuta mai Intel, wagga ba tasa ba ce. Ga kuma agogo, Pi 4 ba ta da batirin riƙe lokaci, in ta mutu ta tashi ba intanet sai agogonta ya koma baya, ƙaramin abu ne amma yana rikita jerin sabbin bidiyo.

Ranar da na gama jera komai na kai ma Inna wayarta, na nuna mata inda za ta taɓa. Muryar Baba ta fito tar, har da tarin da ya yi kafin ya fara addu'ar. Ta yi shiru har ya ƙare, sannan ta ce in kai ta ta ga abin. Ta duƙa tana kallon ɗan koren fitilar na ƙyaftawa ta ce, "Yanzu cikin ɗan abin ga muryar Malam take?" Na ce e Inna, kuma ko wayarki ta faɗa ruwa tana nan. Ta ce, "To Allah shi yi ma albarka, maido min shi farko in ƙara ji."

Maganar da na gaya mata ita ta hana ni barci daren nan, don faifai guda ne, shi ma yana iya mutuwa kamar yadda memorinta ya mutu. Washegari na nemo na biyu, yanzu duk ƙarshen wata nake kwafe komai a kansa in kai gidan ƙanena a Arkilla ya ajiye. In da zan ba da maki zan ba ta takwas cikin goma, biyun da na cire na wahalar juya bidiyo ne da kayan da sai ka saya daban. Yanzu abin da ke gabana kaset-kaset ɗin Baba ne, kwali guda cike a ɗakin Inna, na samo rediyo mai kaset da ke aiki, kebul ɗin da zai haɗa shi da laftof nake jira ya iso daga Kano.